Daga Mudun Korama Zuwa Rasidin Kasuwa

Duk wanda ya taɓa kora garke zuwa kara, ko ya sauke buhunan gero a Jibiya ko Dan Isa, ya san mai yankan tikiti. Kafin ka sha ruwa ya iso. In aka yi dace mace ce riƙe da littafin, sai ka ji ana gunaguni: "Kai, zamani! Yau mata ke karɓar kuɗin kasuwa?" To, ɗan'uwa, a nan Hausa abin ya girmi kakanka.

Mu fara da Maraɗi. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautar ya yi arewa, daga baya ya kafu a Maraɗi, kuma ya taho da sarautunsa har da ta Iya. Sarki ke naɗa ta daga cikin matan gidan sarauta. Ita ce shugabar 'yan bori, ita ke sa ido kan mata masu zaman kansu, ita ke tsayawa kan auren 'ya'yan sarki. Abin da aka fi mantawa shi ne tana da hannu a kasuwa: ana ɗebar mata hatsi wurin masu awo, kuma waɗanda ke ƙarƙashinta suna biyan ta kuɗin shekara. A Tsibirin Gobir, kusa da nan, mai irin wannan matsayi ita ce Inna. Wato mace na da mutanenta, da rabonta, da bakin magana a fada.

A Kano kuwa akwai Korama, shugabar ma'auna a kasuwa. Ka duba nauyin aikin nan. A lokacin da dukiyar gari hatsi ce, wadda ke tsaye kan mudu ita ke tsaye kan cikin kowa. Ta san wanda ya kawo jaki goma da wanda ya kawo biyu, ta san ma'aunin da aka bubbuge gindinsa don ya rage ci. Ba ta da alƙalami, amma tana zaune a rumfa daga hantsi har la'asar, kuma ba a yi mata ƙwange.

Kada a ɗauka duk alheri ne. Karɓe-karɓen kasuwa na sarakunan Haɓe sun yi wa talaka nauyi, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki irinsu a Kitabul Farƙi, tare da jangalin da kai makiyayi ka fi kowa sanin zafinsa.

To ina aka baro matan? A ganina takarda ce ta raba su da aikin, fiye da komai. Da Turawa suka zo, suka ce haraji a biya da kuɗi, a ƙidaya kawuna, a rubuta. Ingilishi suka buɗe baitulmali a Katsina a 1909, sauran masarautu suka biyo. Faransawa a nasu ɓangaren suka ɗora lanho a wuyan sarakunan kanto da masu gari. Duka biyun da maza suka yi hulɗa. Aiki ya koma hannun hakimi, dagaci da malamin haraji. Kwalejin Katsina ta buɗe wa samari a 1922, amma makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina sai 1930, su ma 'yan kaɗan ne daga gidajen manya. Sarautar Iya ta rayu, sai dai jakar kuɗin ta bar hannunta.

Ƙofar ta sake buɗewa a hankali. Najeriya ta yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976. A 1979 gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, abin da ya ƙara wa kuɗin kasuwa da na tasha muhimmanci. Nijar ta kafa dokar kason mata a 2000, ta yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004. Har a sama, Ifueko Omoigui-Okauru ta shugabanci hukumar harajin tarayyar Najeriya daga 2004 zuwa 2012.

Saboda haka, Alhaji, in 'yarka na da kan lissafi, bar ta ta gama makaranta. Ke kuma da kika samu aikin, ga abin da za ki ɗauka wurin Korama: ki san kasuwarki rumfa-rumfa, ki san ranar da shanu ke shigowa. Kada ki karɓi ko dala ba rasidi, ko na ƙanin babanki ne. Kuɗin da kika tara ki kai asusu ranar, ki karɓi shaida ki adana. Ki iya lissafin naira da sefa, ki koyi gaisuwa da Fulatanci ko Tamashek, don baƙon da ya ji harshensa ba ya saurin zare sanda. Ranar da wani babba ya ce ki yaga takarda a raba, ki ce ya rubuto miki da sa hannunsa.