Shige da ficen baƙi: Tushen sukar juna tsakanin Turai da Amurka

Turai da Amurka ƙawayen juna ne a harkar tsaro da ciniki, amma batun baƙi ya daɗe yana haddasa cacar baki a tsakaninsu. Turawa kan zargi Amurka da rashin tausayi ga masu neman mafaka, su kuma masu ra'ayin riƙau a Amurka suna zargin Turai da sakaci da iyakokinta. Saɓanin yana da tushe a tarihi da dokoki da kuma yanayin ƙasa.

Bambancin tushe

An gina Amurka ne da zuwan baƙi. Gyara na 14 da aka yi wa kundin tsarin mulkinta a 1868 ya ba kusan duk wanda aka haifa a ƙasar 'yancin zama ɗan ƙasa. A 1965 kuma aka soke tsarin kason ƙasashe na 1924, wanda ya fifita mutanen arewacin Turai, lamarin da ya buɗe ƙofa ga 'yan Asiya da Afirka.

A yawancin ƙasashen Turai, zama ɗan ƙasa gado ne daga iyaye. Sai a shekarar 2000 Jamus ta fara bai wa 'ya'yan baƙi da aka haifa a cikinta wannan dama, shi ma bisa sharuɗɗa. Sannan yarjejeniyar Schengen ta 1985 ta kawar da binciken kan iyaka tsakanin ƙasashen da suka shiga, yayin da tsarin Dublin ya ɗora nauyin mai neman mafaka, a mafi yawan lokuta, kan ƙasar da ya fara sauka. Shi ya sa Italiya da Girka da Sifaniya suka fi kowa kokawa.

Sukar da Amurka take yi

A 2015 fiye da mutum miliyan ɗaya suka shiga Turai ta tekun Bahar Rum, akasarinsu daga Siriya da Afghanistan da Iraƙi. Jamus, ƙarƙashin Angela Merkel, ta karɓi kusan 890,000 a wannan shekara. A Janairun 2017 Donald Trump ya bayyana matakin na Merkel a matsayin babban kuskure. A Fabrairun 2025 mataimakinsa JD Vance ya tsaya a taron tsaro na Munich ya ce shugabannin Turai suna toshe kunne ga damuwar masu zaɓensu kan kwararar baƙi. Ministan tsaron Jamus, Boris Pistorius, ya yi tir da jawabin a wurin taron.

Sukar da Turai take yi

Lokacin da Trump ya hana 'yan wasu ƙasashe bakwai masu rinjayen Musulmi shiga Amurka a 2017, Merkel ta ce yaƙi da ta'addanci ba hujja ba ne na zargin al'umma baki ɗaya saboda addininta. A 2018 kuma, da aka riƙa raba yara da iyayensu a iyakar Amurka da Mexico, Firaministar Birtaniya Theresa May ta ce hakan ba daidai ba ne.

Inda suka yi tarayya

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Duk ɓangarorin biyu sun rungumi dabara guda: tare baƙi tun kafin su iso. A Maris 2016 Tarayyar Turai ta yi wa Turkiyya alkawarin yuro biliyan 6 domin ta riƙe 'yan gudun hijira. A 2017 Italiya ta ƙulla yarjejeniya da Libiya kan tare jiragen ruwa, duk da rahotannin azabtarwa a wuraren da ake tsare baƙi. Birtaniya ta shirya tura masu neman mafaka Ruwanda, sai kotun ƙolinta ta haramta shirin a 2023, sabuwar gwamnati ta soke shi a 2024. Ita ma Amurka, daga 2019, ta tilasta wa dubban masu neman mafaka jiran hukuncin kotu a Mexico.

Yadda abin ya shafi Afirka ta Yamma

A 2015 Nijar ta kafa dokar hukunta masu safarar baƙin haure, Tarayyar Turai kuma ta tallafa wajen aiwatar da ita. Dokar ta durƙusar da sana'ar direbobi da masu masauki a Agadez, har gwamnatin soja ta soke ta a Nuwamban 2023. Najeriya kuwa ta shiga jerin ƙasashen da Amurka ta taƙaita wa bizar zama na dindindin a 2020, Joe Biden ya janye takunkumin a Janairun 2021.

A 2024 Tarayyar Turai ta amince da sabon kundin ƙaura da mafaka, wanda ya tanadi tantance baƙi tun a bakin iyaka da hanzarta mayar da waɗanda aka ƙi buƙatarsu. Ƙasashen da ba sa son karɓar kasonsu za su iya biyan kuɗi a maimakon haka.