Ƙirƙirarriyar basira da koyon harshe: amfaninta da abin lura

Ƙirƙirarriyar basira, wadda ake kira AI, manhajar kwamfuta ce da ake ɗura wa rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa har ta gane yadda kalmomi ke bin juna. Da haka take amsa tambaya, ta yi fassara, ta gyara rubutu. Abin da aka ɗura mata shi ne iyakar saninta.

Google Translate ya shigar da Hausa a 2013, ya ƙara Fulatanci da Barbarci a 2024. ChatGPT kuwa ya fito a watan Nuwamban 2022. Yau ɗan lakwal na iya gyara Faransancinsa da waya, ɗan ci-rani a Gana ya koyi Turancin kasuwa, yaron da aka haifa a Faransa ya nemi ma'anar kalmar da kakarsa ta faɗa.

Sai dai akwai abin lura. Hausar da ta fi yawa a intanet ita ce daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina bisa karin Kano. Hausar Adar, Gobir, Arewa da Damagaram ta fi zama a baki, ba ta cika shiga rubutu ba. Shi ya sa na'urar ke iya ɗaukar "shina zuwa" a matsayin kure, ta mayar da shi "yana zuwa". Ka ce mata dala ashirin, tana iya zaton kuɗin Amurka kake nufi, alhali kowace mai sayar da ƙosai a Maraɗi ta san sefa 100 ke nan. Haka jikka, wato sefa 1.000.

A nan haɗarin yake. Yaron da waya ta yi ta gyara wa maganar gidansu na iya fara jin kunyarta, ya ɗauka ta ƙauyanci ce. Kuma harshe na tafe da ladabinsa: gaisuwar surukai, alkunyar ɗan fari, wasan taubasai, karin magana. Waɗannan a bakin manya ake koyonsu.

Batun ya ƙara nauyi tun watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Turanci kuma harsunan aiki.

Mafita na hannunmu. Masu iya boko su riƙa rubuta Hausar garinsu a intanet. Wikipedia ta Hausa na karɓar rubutu, shirin Common Voice na Mozilla kuma na karɓar muryoyin masu sa kai. Ɗalibi in ya samu fassara, ya kai wa malami ko dattijo ya duba. Ƴan'uwa na ƙetare kuma, ku bar yara su riƙa aika wa kakanni saƙon murya da bakinsu, ko da Hausar ba ta nuna ba. Da koyo akan iya.