Tarihin Hanyar Jirgin Sama Daga Kano Zuwa Jidda

Tsakanin birnin Kano da Jidda, wadda ita ce mashigar Makka ga masu tahowa daga yamma, akwai tazarar kimanin kilomita 3,400 idan an miƙe ta sararin samaniya, kuma jirgin wannan zamani yakan cinye ta cikin sa'a huɗu da rabi zuwa biyar, idan ya ratsa samaniyar Chadi da Sudan ya ƙetare Bahar Maliya.

A zamanin da, wanda ya ƙudura niyyar sauke farali sai ya biya basussukansa, ya yi wasiyya, ya nemi gafarar dangi, sa'an nan ya shiga ayari a ƙasa ko bisa jaki, ya bi ta Barno da Wadai da Fashir da Kurdufan har gaɓar teku a Sawakin. Kuma da yake guzuri ba ya kai mutum ƙarshen wannan hanya, tilas ya riƙa yada zango yana noma ko ƙodago, har tafiyar takan ci shekaru, wasu su riga mu gidan gaskiya a hanya, wasu su zauna a Sudan, inda zuriyarsu take har yau.

Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jiragen sojan Ingila guda uku da suka taso daga Masar suka sauka a Kano, su ne kuwa na farko da suka taɓa sauka a Nijeriya. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe hanya daga Hartum zuwa Kano ta Fashir da Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu, kusan bisa sawun ayarin alhazan da. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Mahmudu Ɗantata, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta WAPA, wadda ta fara da mota, daga baya ta shiga shatar jirage. Da aka kafa Nigeria Airways a 1958 kuwa, sai jirgi ya yi ta rinjayar hanyar ƙasa sannu a hankali. A 1981 aka buɗe filin jirgi na Sarki Abdul'aziz a Jidda, mai zaure na musamman domin mahajjata.

Wannan sauƙi ya jawo mas'aloli ga malaman fiƙihu, domin istiɗa'a, wato ikon zuwa aikin Hajji, wadda a mazhabar Malikiyya takan tabbata ga mai ƙarfin tafiya da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, yanzu ta rataya ga kuɗin kujera da biza. Haka kuma miƙati, wanda dā ake isa gare shi a tsaya a yi wanka, ya zama wurin da ake giftawa cikin ƙiftawar ido, shi ya sa wanda zai zarce Makka yakan ɗaura harami tun daga Kano, ya yi niyya idan an sanar cewa jirgi ya daidaita da miƙatin.