Jami'a da Masana'anta a Kano: Tarihin Wani Saɓani

Daga tsohuwar harabar Jami'ar Bayero zuwa masana'antun Sharada ba wata tafiya ba ce, ɗan sahu ma ba zai tsawwala maka kuɗi ba. Ka ƙara gaba ta wajen Kumbotso, ga Challawa, ga Zawaciki. Duk da wannan kusanci, mu da muka tsufa muna koyar da lantarki da sadarwa a garin nan mun san cewa bincikenmu da waɗannan masana'antu ba su taɓa zama inuwa ɗaya sun daɗe ba. Ba gaba ce tsakaninmu ba, saɓani ne. Lokacin da injinansu ke ruri dare da rana, mu ba mu da kayan aiki. Da kayan aiki suka zo hannunmu, yawancinsu sun riga sun garƙame ƙofa.

Bompai ce babbar yaya a unguwannin masana'antun Kano. Tun kafin samun 'yancin kai ake matsar man gyaɗa da sarrafa fata a can, daga baya Sharada da Challawa suka biyo, suka bunƙasa da kuɗin man fetur na shekarun 1970. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun shigo da attajiran Kano cikin harkar, har aka riƙa lissafa garin a matsayin na biyu bayan Legas a yawan masana'antu: masaƙu, majemu, alawa, fulawa, kwanukan sha, har da kekuna. Amma hannun jari kaɗai ya koma gida. Injin daga Turai yake, mai kula da shi Bature ne ko Ba'indiye ko Kwara, in wani abu ya ƙone a cikin allon wuta sai a aika a kawo sabo ta jirgin sama.

A wancan zamani ilmin injiniya yana Zariya. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano kuwa reshenta ce, ta fi ƙarfi a Larabci da addini da tarihi, sai a 1977 ta zama jami'a mai cin gashin kanta. Mai son lantarki Samaru zai nufa, mai son ilmin kasuwanci kuma Kongo. Kwamfutar ma a Samaru muka fara ganinta, a cibiyar da yanzu ke ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar. Yaran yau ba sa yarda in an ba su labari. Za ka rubuta umarninka da FORTRAN a takarda, a huda maka shi a katuna, layi ɗaya kati ɗaya, ka miƙa damin katunan ka tafi. Washegari ka dawo a ba ka doguwar takarda, ka tarar waƙafi ɗaya da ka manta ya rushe aikin gaba ɗaya. Wannan wahala ta koya mana abin da sauƙin yau ya raba ɗalibai da shi, wato yin tunani kafin a taɓa na'ura.

Igiya ɗaya tak ta haɗa mu da masana'anta: shirin SIWES da asusun ITF ya fara a 1973, inda ɗalibi ke zuwa ya yi watanni yana koyon aiki. Mu malamai mukan bi su duba littafin aikinsu mu sa hannu. A irin wannan zagaye ne na fahimci yadda harsunanmu suka bambanta. Wani manajan masaƙa, da na ce masa za mu iya ba ɗalibin digiri na biyu ya yi nazarin dalilin da motocin injinansa ke yawan ƙonewa, sai ya tambaye ni: “Malam, yaushe za a gama?” Na ce shekara biyu. Ya yi dariya ya ce shi kafin sallar isha'i yake son injin ya tashi. Bai yi ƙarya ba, ni ma ban yi ba.

Sai shirin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo a 1986. Naira ta faɗi, kayan gyara suka gagari masu masana'antu, a karo na farko suka buƙaci wanda zai ƙera musu abu a gida. Da a lokacin jami'a na da ƙarfi, da tarihin ya sauya. Amma guguwar da ta buge su ita ta buge mu: mujallun ilmi suka daina zuwa ɗakin karatu, na'urorin gwaji suka mutu babu mai gyarawa, manyan malamai suka kama hanyar Saudiyya da Amurka da kudancin Afirka. Waɗanda suka ceci masana'antu su ne masu naɗin koyil da makanikai na bakin titi, mutanen da ba su taɓa rubuta kundi ba, amma su kwance mota mai cin wuta layi uku su sake naɗa ta ta koma aiki. Har yau ban ga wanda ya zauna ya rubuta abin da suka sani ba, kuma da yawansu sun riga mu gidan gaskiya.

Ƙananan kwamfutoci sun shigo a shekarun 1990, kuma a masana'anta ofishin akanta suka fara sauka, ana lissafin albashi da kayan sito da Lotus da dBase. Ɗakin injina bai san da zuwansu ba. Abubuwa biyu na wancan lokaci da suka yi tasiri ba daga kundin digiri suka fito ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda fanninsa ma ilmi ne ba kwamfuta ba, ya tsara haruffan Hausa masu lanƙwasa don kwamfuta, marubuta da mawallafa suka huta da bin ƙ da ɗ da ɓ da biro. Y. Z. Ya'u kuma, daga sashen lantarki, ya karkata ga koya wa jama'a amfani da kwamfuta, aikin da ya zama cibiyar CITAD.

Sadarwa kuwa a allo muke koyar da ita. An kafa kamfanin waya na NITEL a 1985, amma har ƙarshen ƙarnin layukan waya a duk ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. Lambar Kano 064 ce, kuma a lokacin samun layi a gida alama ce ta isa. Ɗalibi zai gama digiri yana zana hanyoyin musayar kira bai taɓa ganin cikin ɗakin da ake yin ta ba. A Janairun 2001 hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowanne, a watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki, Glo ta biyo a 2003 da cajin daƙiƙa-daƙiƙa. Nan take sashenmu ya cika. Kowa na son sadarwa.

A nan aka yi bincike na gaske, dole a faɗa. Ma'aunan da ake hasashen raunin sigina da su, irin na Okumura da Hata, daga awon da aka yi a Tokyo aka samo su. Ɗalibanmu suka riƙa yawo da waya da kwamfuta a mota suna auna ƙarfin sigina unguwa-unguwa, don a ga yadda lungunan cikin birni da katangun ƙasa da hazon hunturu ke sauya lissafin. Aiki ne mai kyau. Matsalarsa ita ce wanda ya kamata ya yi amfani da shi ba ya buƙata: kamfanonin waya na da nasu injiniyoyin da manhajojinsu, kayan kuma daga Ericsson da Huawei suke zuwa a ƙulle, bayanan cunkoson kira kuwa sirrin kasuwa ne. Abin da muka fi bayarwa shi ne mutane. NCC ta kafa Digital Bridge Institute a 2004 da reshe a Kano, kuma Farfesa Umar Garba Danbatta na sashen lantarki na Bayero ya shugabanci hukumar daga 2015 zuwa 2023. Gyaran wayar da ke hannun talaka kuma ya koma kasuwar Farm Centre, inda yaro mai shaidar sakandare ke ɗaga ƙwayar da ido da ƙyar yake gani ya dasa wata.

A daidai shekarun da muke murnar sadarwa, masaƙu na mutuwa. Rashin wuta, tsadar baƙin mai, fasa-ƙwauri da atamfar Sin da ta cika Kantin Kwari suka haɗu suka gama da su. Gine-gine da dama a Sharada da Bompai suka koma sito, wasu suka koma yin roba da ruwan leda da casar shinkafa. Duba kundayen ɗaliban lantarki na wancan zamani ka ga wanda ke zaɓa musu batu: inbata, na'urar daidaita ƙarfin wuta, makunnin da ke sauya gida daga Nepa zuwa janareta da kansa. Shekara da shekaru abu ɗaya. A gwada a gaban malamai, fitila ta kama, a ba da maki, a ajiye a kan kanta ƙura ta rufe. Mai shago a Sabon Gari kuma ya ci gaba da sayar da na Sin, domin babu wanda ya tambayi nawa za a kashe a ƙera guda dubu, wa zai saya, wa zai gyara in ta lalace.

Waɗannan tambayoyin na 'yan'uwanmu ne masu ilmin tallata haja, kuma a nan ne abin ya fi ba ni takaici, ko da yake ba gonata ba ce. Kano gari ne da ya yi ɗaruruwan shekaru yana fatauci, garin Kurmi da Alhassan Dantata. Yadda kaya ke fita daga masana'antar Challawa su isa Maraɗi ko Agadas ko Injamena ilmi ne cikakke: babban dila ya ɗauka bashi, ya raba wa 'yan sari a Singa, dillali ya ci la'adarsa, kuɗi su dawo bayan makonni ba tare da an sa hannu a takarda ko ɗaya ba. Wa ake ba bashi, wa ake hanawa, me ke faruwa in mutum ya karye, yaya shugabannin kasuwa ke sasantawa? Ga Dawanau, inda farashin hatsi da riɗi ke motsa kasuwannin ƙasashe maƙwabta. Amma ɗauki kundi goma na wannan fanni, tara za ka samu babi na biyu an kwaso daga littafin Philip Kotler wanda ya fara fitowa a Amurka a 1967, sannan a raba takardar tambayoyi mai “na yarda ƙwarai” da “ban yarda ba”, a zuba a SPSS, a fito da jadawali. Ɗan kasuwar Kwari ba ya cika takarda. In ka miƙa masa, tunaninsa na farko jami'in haraji ne ya aiko ka. Sai an zauna a kan bencinsa watanni, an sha shayi tare, kafin ya buɗe baki. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tura dubban 'yan kasuwa ga taransifa da POS cikin makonni kaɗan, abin da shekaru na wa'azin bankuna bai yi ba. A gabanmu aka yi, kuma ya cancanci kundaye masu yawa. Ga Makarantar Kasuwanci ta Dangote an buɗe gininta a Bayero a 2018, wurin yin aikin dai akwai shi.

Me ya hana? Ƙarin girma. Malamin jami'a da yawan maƙalu ake auna shi, ba a tambayar ko wani inji ya tashi saboda shi. Da intanet ta yalwata sai ga mujallu barkatai, sunayensu dogaye, fitowa ɗaya ta haɗa kwamfuta da sadarwa da lantarki da kasuwanci, ka biya dala kaɗan a buga maka cikin mako biyu babu wanda ya karanta. Mun ga zamaninsu, kuma mutane sun hau matakai da su. Daga baya jami'o'i suka tsaurara, aka koma neman mujallun da ke cikin Scopus. An samu inganci, amma fuskar malami ta ƙara juyawa waje, domin editan da ke Turai bai damu da matsalar majemar Challawa ba. Abin mamakin shi ne asusun TETFund, wanda dokarsa ta 2011 ta gaji asusun ilmi na 1993, daga harajin ribar kamfanoni yake samun kuɗinsa. Ke nan masana'antun da suka rage suna cikin masu biyan kuɗin binciken da ba su taɓa gani ba.

Inda na ga an dace shi ne aikin harshe. Matasan ƙungiyar HausaNLP, irin su Dakta Shamsuddeen Hassan Muhammad, sun tattara dubban saƙonnin Twitter na Hausa da sauran manyan harsunan Najeriya suka tantance su, suka fitar da NaijaSenti a 2022, masana na duniya suka ɗauka suna aiki da shi. Sun yi nasara ne don matsalar tamu ce, kayan aikin na bakinmu, kuma ba sai sun roƙi wani manaja ya buɗe musu ƙofa ba.

Yanzu ga Zawaciki. A nan aka aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Kaduna a Yulin 2021, a nan kuma aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a Janairun 2023, don ɗan kasuwa ya yi sallama da kwastan a Kano maimakon Legas. Ana jiran bututun iskar gas na AKK mai tsawon kilomita 614. Kowane ɗayansu cike yake da tambayoyin da fannoninmu huɗu, wato kwamfuta da sadarwa da lantarki da kasuwanci, za su iya amsawa: kwana nawa kwantena ke yi tsakanin Apapa da Zawaciki, a ina take makalewa, yaya za a bi sawunta, nawa mai fitar da zoɓo ko citta ko fata ke ragewa in ya bi ta nan, wace masana'anta ce hasken rana zai riƙe ta da rana. Jami'o'in ma sun ƙaru, ga ta Wudil tun 2001, baya ga Kwalejin Fasaha ta jiha.

Roƙona ga rassan ƙungiyar masu masana'antu ta MAN na Bompai da Sharada da Challawa, da masu tafiyar da tashar Dala: ku rubuto matsalolinku a takarda kowace shekara ku kawo sassanmu kafin ɗalibai su zaɓi batun kundi, ku kuma bar su su ga alƙalumanku. Ku kuma shugabannin jami'o'i, ku sa injin da malami ya tayar a Sharada ya shiga lissafin ƙarin girmansa kamar yadda maƙala ke shiga.