Ma'adanar darussa mai ƙarancin cin wuta: abin da azuzuwan zamani ke buƙata a arewacin Ghana

A watan Maris na 2024 gwamnatin Ghana ta ƙaddamar da shirin Ghana Smart Schools, da alkawarin raba wa ɗaliban manyan makarantun sakandare kwamfutocin hannu miliyan 1.3. Sai dai a garuruwa irin su Salaga da Yendi da Bawku akwai tambayar da ke biyo baya: ina za a ajiye bidiyon darussa, alhali data na da tsada, wuta kuma ba ta da tabbas? Ɗaukewar wuta har suna gare ta a Ghana, wato dumsor.

Ma'adanar bayanai iri uku ce aka fi sani. HDD faifai ne da ke juyawa, babbansa kan ci wat 6 zuwa 10, kuma faɗuwa ko ɗaukewar wuta ba zato na iya lalata shi. SSD ba shi da abin da ke motsi, yakan ci wat 2 zuwa 5 lokacin aiki. Memori irin na waya ya fi su ƙarancin cin wuta, amma ya fi saurin mutuwa in ana yawan rubutu a kansa.

Dabarar ita ce a tara darussa a ƙaramar kwamfuta guda cikin makaranta, ɗalibai su riƙa buɗe su ta Wi-Fi ba tare da intanet ba. Haka na'urar iBox ke aiki, wadda cibiyar CENDLOS ta gwamnatin Ghana ta kai makarantun sakandare. Manhajar Kiwix kuwa tana ajiye Wikipedia, har da ta Hausa da ta Faransanci, a kan kwamfutar Raspberry Pi.

Lissafin a fili yake. Na'ura mai cin wat 10 tana buƙatar wat-awa 80 cikin awa 8, abin da ƙaramin faifan sola da batir guda za su ɗauka. Kwamfutar tebur mai cin wat 100 sai ta ci ninki goma.

Akwai abin lura. A Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40 a Bawku, ga ƙurar hunturu da ke toshe kafofin iska. SSD da aka bari cikin zafi tsawon lokaci ba a kunna ba yana iya zubar da bayanai. Don haka a ajiye na'urar a ɗaki mai iska, a kuma kwafi darussan a faifai na biyu kafin a tafi dogon hutu.