Addu'ar Ƙarfe Shida a Ƙauyen Walsingham

Karatu: Ayyukan Manzanni 12:1-17

Yau za mu leƙa cikin tarihin ikkilisiya, mu ji labarin wani ɗakin addu'a a ƙasar Ingila, sa'an nan mu ga abin da labarin zai koya mana a nan Dauran da kewayenmu.

Walsingham wani ɗan ƙauye ne na manoma a yankin Norfolk, gabashin Ingila, ba nisa da bakin teku. Bisa ga labarin da mutanen wurin suka gada, a shekara ta 1061 wata mace mai dukiya, sunanta Richeldis, ta ga wahayi inda aka nuna mata gidan Nazarat, wato gidan da mala'ika Jibra'ilu ya kawo wa Maryamu albishir za ta haifi Mai Ceto. Sai ta sa aka gina ɗan ƙaramin ɗaki na katako kama da wannan gida, domin duk wanda ya shiga ya tuna cewa Allah ya zama mutum, ya zauna a cikin gida irin namu. An rubuta wannan labari ne bayan wajen shekara 400, cikin wata waƙa da aka buga a ƙarshen ƙarni na 15. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne, a tsakiyar ƙarni na 12 an kafa gidan 'yan zuhudu a wurin domin su lura da ɗakin, masu ziyara kuma suka riƙa zuwa daga ko'ina cikin Ingila har da ƙetare.

Sarakuna ma sun zo. Sarki Henry na 3 da ɗansa Edward na 1 sun ziyarci wurin sau da dama. A shekara ta 1511 Sarki Henry na 8 ya je yin godiya saboda ɗa namiji da aka haifa masa, yaron kuwa ya rasu bayan 'yan makonni. Amma inda jama'a suka yi yawa, kuɗi yakan yi yawa, inda kuɗi ya yi yawa kuma sai a yi hattara. Masanin nan Erasmus ya je wurin a zamanin, ya rubuta yadda ake nuna wa baƙi wani abu da ake cewa wai nonon Maryamu ne, ana karɓar baiko. A shekara ta 1538 wannan Sarki Henry na 8, wanda ya taɓa durƙusawa a wurin, ya sa aka rushe gidan 'yan zuhudun, aka kwashe dukiyarsa, aka kai siffar Maryamu da ke ciki Landan aka ƙone. Wurin ya zama kufai har kusan shekara 400.

Domin mu gane yadda aka yi ya farfaɗo, sai mu san cewa ikkilisiyar Angilikan tana da ɓangarori. A shekara ta 1833 waɗansu malamai a jami'ar Oxford, su John Keble da John Henry Newman, daga baya kuma Edward Pusey, suka fara kira a komo ga waɗansu al'adun ikkilisiyar dā: yawan cin Jibin Ubangiji, azumi, addu'a a kan lokatai ƙayyadaddu. Waɗanda suka biyo bayansu suka ƙara da kyandir da turare da tufafin sujada. Su ne ake kira Angilikan masu bin tsarin Katolika. Mu a ƙasar Hausa ba mu saba da su sosai ba, gama Angilikan da suka kawo mana bishara 'yan ƙungiyar CMS ne, masu nauyaya wa'azi da karatun Littafi Mai Tsarki. Cikinsu akwai Likita Walter Miller, wanda ya zauna a birnin Zariya daga 1905, ya kuma yi aiki ƙwarai wajen juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga cikakke a 1932. Da mishan ta koma Wusasa a 1929, magina Hausawa suka gina majami'ar Bartalamawas da tubalin ƙasa, irin ginin gargajiyarmu. Ashe a shekarun da ake ɗora tubali a Wusasa, ana wani gini dabam a Walsingham.

A shekara ta 1921 aka turo wani limamin ikkilisiya mai suna Alfred Hope Patten zuwa Walsingham. Shi ɗan ɓangaren nan ne na masu tsarin Katolika. Ya je gidan adana kayan tarihi na Birtaniya a Landan, ya duba tsohon hatimin 'yan zuhudun da aka kora, ya sa aka sassaƙa siffar Maryamu riƙe da jariri Yesu bisa ga zanen da ke jikin hatimin. Ranar 6 ga Yuli, 1922, aka ajiye siffar a gefe ɗaya cikin majami'ar ƙauyen. Daga nan ya kafa wata ka'ida: kowace yamma, ko da baƙi ko babu, ko da sanyi ko ruwa, za a taru a wannan lungu a yi roƙo domin waɗansu. Da fari mutanen ƙauyen ne kaɗai, 'yan kaɗan. Sannu a hankali labari ya bazu, wasiƙu suka fara zuwa daga nesa. Wannan ɗansa ba shi da lafiya, wancan ya rasa aiki, wata mijinta ya rasu, wani kuma godiya yake so a yi a madadinsa. Sai a tattara roƙe-roƙen, da yamma a karanta su a gaban Allah.

Abin bai tafi sumul ba. Bishop na Norwich, Bertram Pollock, bai yarda da siffar nan a cikin majami'ar da ke ƙarƙashinsa ba, ya ce a fitar da ita. Patten ya sami taimakon masu hannu da shuni, aka sayi fili a cikin ƙauyen wanda ba na ikkilisiya ba, aka gina sabon ɗakin Nazarat da ƙaramar majami'a da ta rufe shi. Wajen haƙa harsashi aka tarar da wata tsohuwar rijiya, wadda har yau masu ziyara suke sha daga ruwanta. Ranar 15 ga Oktoba, 1931, aka ɗauki siffar aka kai ta sabon wurin. A 1938 aka faɗaɗa ginin saboda yawan jama'a. Patten ya rasu a watan Agusta na 1958, bayan ya yanke jiki ya faɗi a lokacin sujadar yamma. A watan Yuli na 1961 gobara ta cinye tsohuwar majami'ar ƙauyen inda aka fara abin, sai da aka sāke gina ta. Duk da haka addu'ar yamma ta ci gaba. An yi yaƙin duniya na biyu ana yinta. A 2020, da annobar korona ta sa aka rufe majami'u, limaman wurin suka ci gaba da yinta, jama'a suna binsu ta intanet. Yau ana yinta da ƙarfe shida na kowace yamma, shekara fiye da 100 ke nan da farawa.

To, 'yan'uwa, kada mu ɓoye bambancin da ke tsakaninmu da su. A addu'arsu suna jan carbi, suna kuma roƙon Maryamu ta yi musu roƙo. Su suna cewa ba sujada suke yi wa siffar ba, tuni ce kawai, kuma roƙon Maryamu kamar roƙon ɗan'uwa ne ya sa ka a addu'a. Yawancinmu ba haka aka koya mana ba. Muna girmama Maryamu, uwar Ubangijinmu, mace mai biyayya wadda Allah ya yi wa alheri, amma bisa ga 1 Timoti 2:5 mun tsaya a kan cewa matsakanci ɗaya muke da shi, Yesu Almasihu. Mun kuma tuna da Sarki Hezekiya a 2 Sarakuna 18:4, wanda ya farfashe macijin tagullar da Musa ya ƙera, domin abin da aka yi don tuni ya zama abin da ake ƙona wa turare. A Ingila kanta akwai masu bi da suka sha zuwa Walsingham ranar babbar ziyara su tsaya a bakin hanya suna nuna rashin yardarsu. Saboda haka ba muna cewa a kawo siffa cikin majami'unmu ba ne.

Amma mai hikima yakan ɗauki tsaba ya bar ƙaiƙayi. Tsabar da ke cikin labarin nan ita ce: mutane kaɗan a ƙauye suka sa lokaci, suka riƙe shi, suka riƙa kiran sunayen waɗansu a gaban Allah kowace rana. An ƙone siffa ta fari, an fitar da ta biyu daga mazauninta, ginin ma ya ci wuta. Abin da ya dawwama tun 1922 shi ne roƙon.

Haka muka gani a karatunmu na yau. Hirudus ya kashe Yakubu, ya kulle Bitrus, sojoji suna gadinsa. Ikkilisiya ba ta da takobi, ba ta da wanda zai yi mata magana a fada. Sai masu bi suka taru a gidan wata Maryamu, uwar Yahaya Markus, suna roƙo domin mutum ɗaya wanda suka san sunansa. Bangaskiyarsu ma ba cikakkiya ba ce, gama da baranya Roda ta ce Bitrus yana bakin ƙofa, cewa suka yi ta zautu. Duk da haka Allah ya ji su. Mu lura kuma, Yakubu bai kuɓuta ba, Bitrus ya kuɓuta. Allah bai yi mana alkawari kowane roƙo zai ƙare yadda muke so ba, amma ya umarce mu kada mu fasa.

Mu masu bi a wannan yanki ba mu da yawa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda a 1929, yana kawo ma'aikata da 'yan kasuwa, ƙananan taro ne muke da su nan da can. Fiye da shekara goma ke nan kuma 'yan bindiga sun addabi ƙasar Zurmi da Shinkafi da ƙauyukan Kaura. An kashe, an sace, an kore shanu, gonaki da yawa sun zama saura. A watan Satumba na 2021 gwamnati ta katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, mutum ba ya iya jin muryar ɗan'uwansa da ke gari na gaba. Kusan kowane gida yana da sunan da in an ambata sai idanu su cika da hawaye. Abin baƙin ciki, mukan yi addu'a da zafi a makon da abin ya faru, bayan wata ɗaya sai mu manta, mu bar iyalin su kaɗai da nawayarsu.

Ga shawarar da muke kawo wa dattawan ikkilisiya, da zumuntar mata, da matasa. A sayi littafin rubutu guda ɗaya a ajiye a majami'a. A rubuta waɗanda ke hannun 'yan bindiga, da marasa lafiya, da gwauraye da marayu, da waɗanda suka yi gudun hijira. A sa maƙwabtanmu Musulmi a ciki, gama wutar da ta ci danga ba ta tambayar ta wane ne, su kuma kowace rana suna nuna mana yadda ake riƙe lokacin ibada. A yi hikima wajen rubutu: inda bayyana cikakken suna zai jawo wa iyali haɗari, a rubuta ɗan'uwanmu wanda Allah ya sani, ya isa. A zaɓi lokacin da ya dace da halin tsaro. In ƙarfe shida ya yi kusa da duhu, a yi da ƙarfe huɗu, kowa ya koma gida da sauran rana. A raba kwanakin mako tsakanin iyalai, ko mutum biyu ne su zo. Wanda bai iya fitowa ba ya durƙusa a ɗakinsa a daidai wannan lokaci. In Allah ya komo da wani, kada a soke sunansa, a rubuta ranar dawowarsa a gefe, domin 'ya'yanmu su karanta wata rana su san abin da Ubangiji ya yi. A sa 'yan bindigar ma a shafi na ƙarshe, a roƙa musu tuba, gama Ubangijinmu ya umarce mu mu yi wa masu tsananta mana addu'a.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba na sama, kai da ka san kowa da sunansa, ka tuna da waɗanda ke cikin daji a daren nan, da iyayen da ke jiransu. Ka ba ikkilisiyarka naciya cikin roƙo, ranar da muka ga amsa da ranar da ba mu gani ba. Ka kawo salama a Dauran da Zurmi da Shinkafi da Kaura Namoda, da ƙasarmu duka. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.