Hajiya Gambo Sawaba: Matar da Kurkuku Bai Rufe Bakinta Ba

 

Ya 'yan'uwa, yau ina so mu waiwayi tarihin wata baiwar Allah da 'ya'yanmu mata suka san sunanta a ƙofar asibiti a Zariya, amma kaɗan ne suka san abin da ta sha.

An haife ta a shekarar 1933. Sunanta na yanka Hajaratu, Gambo kuwa laƙabi ne na wanda ya biyo bayan tagwaye. Mahaifinta mutumin Gana ne, ma'aikacin jirgin ƙasa, mahaifiyarta kuma Banufiya. Ta yi maraici tun tana ƙarama, karatunta ya yanke a firamare, aka aurar da ita tana 'yar shekara 13.

A shekarar 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta daga baya, domin kare talaka daga zaluncin Turawan mulkin mallaka da En'e. Gambo ta shiga tana matashiya, ta zama shugabar mata a Sabon Garin Zariya. Ta kuma je Abekuta ta gana da Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta riga ta shiga wannan fage. Daga cikin kiranta akwai abu uku: a ilimantar da 'ya mace, a daina aurar da ita tun ba ta isa ba, a kuma ba ta damar jefa ƙuri'a.

Wannan kira ya jawo mata duka a hannun 'yan banga, da kora daga Kano, da ɗauri wanda masu tarihinta suka ƙidaya har sau 16. Matan Kudu sun yi zaɓen 1959, amma matan Arewa sai a 1976 suka samu wannan haƙƙi. Allah Ya nuna mata ranar da idonta, har ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP a Jamhuriya ta Biyu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da sunan addini wasu suka yaƙe ta. Alhali Suratul Mumtahana ta tabbatar da mubaya'ar mata, kuma Nana Asma'u 'yar Shehu ta karantar da matan karkara ta hanyar 'Yan Taru tun ƙarni na 19. Ba lallai ne mu yarda da kowane mataki nata ba, amma adalci ya wajabta mana faɗar cewa hana mace ilimi al'ada ce, ba shari'a ba.

Ta rasu a Zariya cikin Oktoban 2001, bayan ta shafe ƙarshen rayuwarta tana renon marayu da ciyar da mabuƙata. Allah Ya jiƙanta, Ya yafe kurakuranta, Ya sa mu cika da imani.